Sha Tara Cikin Ashirin da Biyu

Ranar Litinin da hantsi Anti Nas tana tsakar gida tana shanya wanki, sai wayarta ta yi ƙara a kan taga. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana ɗibar jinin mutane a babban asibiti kafin ta yi ritaya, kuma har yau duk unguwar ba mai kiranta da wani suna sai wannan. Ta goge hannu a gefen zane ta ɗauka.

"Mama, mun samu!" Muryar Dakta ce, yana haki kamar wanda ya hau bene a guje. "Gwamnati ta ba mu tallafin. Yanzun nan suka saki jerin, muna ciki. Shekara uku za mu yi muna aiki, Mama!"

"Alhamdu lillahi. To yi numfashi, kada mu samu tallafi mu rasa likita."

Shi wannan Dakta, duk da furfura ta fara leƙo masa a gemu, yaro ne a wurinta. Yana ɗalibi ita ta koya masa neman jijiya, ranar da ya huda hannun wani tsoho sau huɗu har tsohon ya tambaye shi ko ɗinki ya zo koyo. Yanzu ya zama mai bincike a jami'a, amma Mama yake ce mata.

Abin da ya haɗa su aiki kuwa yana can ƙarshen layinsu, daura da tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Wani kamfani ne da ake fasa tsofaffin baturan mota ana narka dalmar da ke ciki. Ma'aikatansa sukan biyo ta gidanta bayan an tashi, wannan ciwon ciki, wannan rawar hannu, wancan ya ce yana ajiye abu ya manta inda ya sa. Ita da ta ga jiya ta ga yau, ta san ruwa ba ya tsami banza. Ta kai wa Dakta maganar. Ya ce gwamnati tana ba da kuɗin irin wannan bincike, amma ba ta bayarwa a kan zato, sai an fara nuna mata hujja.

Haka aka yi Lahadi biyar a jere a falonta, an saki labule, tana ɗibar jini. Kowa ya zauna sai ta karanta masa takardar amincewa, sannan ta ajiye ta faɗa masa da bakinta, don ta san sun fi yarda da bakinta a kan takarda.

"Sunanka ba zai hau kwalba ba, lamba ce za ta hau. Wanda ya zo da wanda bai zo ba, ni kaɗai na sani, kuma da shi za a binne ni."

Mutum goma sha tara suka miƙa hannu. Uku suka ƙi. Cikin ukun har da ɗan yayanta marigayi, magidanci mai 'ya'ya uku, wanda a kamfani ake kira Mai Sikeli don shi ke auna kaya a bakin ƙofa. Sunan mahaifinta ya ci, shi ya sa take ce masa Babana. Ya ce mata, "Gwaggo, ni hayaƙi ba ya zuwa inda nake. Ku yi abinku, ban ji ba ban gani ba." Ba ta matsa masa ba.

To, akwai wata doka. Duk wanda gwamnati ta ba kuɗin bincike, sai an buga shi a shafinta na intanet kowa ya gani: wane ne, a ina yake aiki, nawa aka ba shi, da 'yan layuka da ke bayanin abin da zai yi. Wannan bayani shi mai neman tallafin ne ke rubutawa a wani gurbi a ƙarshen fom. Dakta ya turo mata shafin a waya. Ta ɗauko tabarau ta karanta tana tsaye.

"Binciken gubar dalma a jikin masu narka tsofaffin batura. Gwajin farko da aka yi wa ma'aikata goma sha tara cikin ashirin da biyu na wani kamfani da ke daura da tsohuwar tashar jirgin ƙasa ya nuna..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta kifa bokitin wanki ta zauna a kai. A duk garin kamfani ɗaya ne ke wannan sana'a, tashar jirgi kuma ba biyu ba ce.

Ta kira shi. "Dakta, wa ya rubuta wannan?"

"Ni ne. Ai sakin layin farko na takardar neman tallafin na kwafa. Masu tantancewa suna son lamba ƙiri-ƙiri, Mama. In ka ce 'wasu ma'aikata' sai su ajiye takardarka gefe. Kuma ba suna ko ɗaya a ciki."

"Ba suna. To in kai ne mai kamfanin, kana da mutum ashirin da biyu, aka ce maka sha tara sun je, su wa za ka nema?"

Can ya ce a hankali, "Ukun."

"Ka ga kuwa."

Washegari suka tafi ofishin da ke raba tallafin, hawa na uku, lif ba ya aiki. Ɗaki ne mai tebur huɗu, fanka tana juyawa tana ɗaga gefen takardu, kowane tuli an danne shi da abin da aka samu, wani da kofi, wani da kwaɗo. Matar da ke kula da jerin ta saurare su har suka gama, ba ta katse su ba. Sannan ta buɗe fom ɗin a kwamfuta ta juyo musu da shi. A ƙarƙashin gurbin, da ƙananan haruffa, an rubuta kada a sa abin da zai sa a gane mutanen da ake bincike a kansu.

Dakta ya dafe goshi. "Ranar ƙarshe na cika shi. Saura minti ashirin a rufe."

"Mu ma ya kamata mu gani," matar ta ce. "Tallafi ɗari biyu da wani abu, mu uku. Suna da adadin kuɗi muke dubawa. Ban faɗa don in wanke kaina ba."

"To a sauke shi," Anti Nas ta ce. "Yau."

"Hajiya, ba a saukewa. Zai cika fom na gyara, kwamiti ya zauna bayan mako biyu, a sa sabon bayani a sama. Tsohon yana nan a ƙasa da kwanan watansa."

"Wace irin doka ce wannan, a ga wuta a ce sai kwamiti ya zauna?"

Matar ta cire tabarau ta dube ta. "Kin yi aikin asibiti, an ce. Kin tuna yadda ake yi kafin dokar?"

Ta tuna mana. A bayan ɗakin haihuwa akwai wata ƙofa da aka liƙa wa allo mai kyau, wai cibiyar binciken ciwon ƙoda. Shekara shida tana wucewa ta gabanta, ba ta taɓa ganinta a buɗe ba, sai wata rana da masu shara suka fasa kwaɗon suka tarar da kujeru biyu da gizo-gizo. Ba wanda ya san wa aka ba kuɗin cibiyar, balle a tambaye shi. Ranar da aka ce daga yau za a riƙa bugawa, ita da bakinta ta ce madalla.

"In aka yarda a goge don mai gaskiya," matar ta ce, "gobe marar gaskiya zai zo ya ce shi ma a goge masa. Kuma ko na goge, jaridu biyu sun riga sun ɗauka."

A kan matakala suna saukowa Dakta ya ce, "Mama, ki zage ni mana. Shirun nan ya fi ciwo."

"In na zage ka, ka samu sauƙi, su kuma fa? Riƙe mini jakar nan, gwiwata."

Unguwa kuwa labari ya riga ta isa. Mai kanti ya hango ta ya ce, "Anti Nas, an ce gwamnati ta sauke muku buhu. A tuna da maƙwabta." Ta ce masa buhun na kwalabe ne da sirinji, in yana so ya kawo hannu a ba shi rabonsa. Ya yi dariya ya ɓoye hannun a aljihu.

Ranar Laraba da azahar, lokacin hutun cin abinci, Mai Sikeli ya yi sallama. Bai zauna a kujera ba, a bakin ƙofar falo ya tsuguna, rigar aiki a jikinsa.

"Gwaggo, Oga mai kamfanin ya tara mu. Jarida a hannunsa. Ya ce ukun da ba su ba da jini ba su fito."

"Suka fito?"

"Mu ashirin da biyu muka ɗaga hannu." Ya yi wata gajeriyar dariya. "Har da wanda na gani da idona yana fitowa daga nan da auduga a hannu, shi ya fi kowa rantsuwa. Oga ya ce tun da haka ne, bakin kowa ba shaida ba ne. Wanda bai bayar ba ya kawo takarda daga wurinki kafin Asabar."

"Sauran fa?"

"Bai faɗa ba. Amma kin san shi. Ba zai kore su rana ɗaya ba, ɗaya bayan ɗaya zai riƙa zarewa, wannan ya makara, wancan ya fasa abu." Ya gyara tsugunno. "Ni dai layi ɗaya nake so. Ki rubuta cewa ba ki ɗebi jinina ba. Ba ƙarya na ce ki yi ba, Gwaggo. Gaskiya ce."

Ta daɗe tana kallonsa. Goshin yayanta ne sak, har da jijiyar nan da ke tashi in ransa ya ɓaci.

"Babana, in na rubuta maka, gobe wani zai zo ya ce shi ma. In yana cikin sha taran, me zan ce masa? In rubuta ƙarya ne, ko in hana shi? Da na ba mutum ɗaya takarda, duk wanda na hana na tona shi. Sauran biyun su karɓi tasu, shi ke nan, Oga ya samu jerin da bai nema da kansa ba, kuma da hannuna."

"To ni na ce a yi binciken? Ni na ce ban ji ba ban gani ba. Na kauce, kuma abin ya biyo ni har inda na kauce."

"Haka ne."

"Haka ne kawai? Kin san abin da ake cewa a kamfani? Wai ni na kwashe su na kawo miki, tun da ni ne ɗanki. In ba takarda, ni zai fara cirewa. Yara uku, Gwaggo, ga uwarsu da tsohon ciki."

"Na sani."

"Alkawari kika yi wa bare. Ni jininki ne."

Maganar ta shige ta. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. Biro yana nan a kan tebur, takarda tana nan, aikin minti ɗaya ne. Kuma ba wanda zai ce ta yi ƙarya.

"Ba su da kowa a wannan magana sai bakina," ta ce. "Da sun san bakin yana buɗewa in dangi suka ƙwanƙwasa, da ba su zauna a kujerar nan ba. Zan je wurin Ogan da kaina."

Ya miƙe ya karkaɗe gwiwa. "Allah ya huta gajiya, Gwaggo." Ya fita bai waiwayo ba.

Ranar Alhamis ta yi shiri ta tafi. Ofishin Oga ɗan ɗaki ne a saman matakalar ƙarfe, da tagar gilashi mai kallon wurin narka. Daga nan ana hango mutanen a ƙasa, wasu da gatari suna fasa batura, ruwan ciki yana bin ƙasa, wasu a bakin tukunya. Da suka gan ta tana hawa, kowa ya maida ido kan aikinsa kamar bai taɓa saninta ba. Ta ji daɗin hakan, ta kuma ji zafinsa.

Oga mutum ne mai jiki, ya kusa sittin, farcensa baƙi kamar na ma'aikatansa, don da gatari ya fara shi ma. Ya ba ta kujera, ya sa aka kawo ruwa.

"Anti Nas, kin ɗaure ni a kasuwa. Masu sayen kayana sun kira, hukuma ta kira. Da kin zo mun yi magana."

"Na zo sau biyu bara. Maigadinka ya ce ba ka nan, ina kallon motarka."

Ya sosa ƙeya. "Na saya musu takunkumi, ba sa sawa, wai zafi. Shekara talatin nake shaƙar hayaƙin nan, ga ni."

"Ga ka. Miƙo hannunka mu gani, ka riƙe shi a tsaye."

Bai miƙa ba. Ya maida shi ƙarƙashin tebur ya ce, "Ba wannan ya kawo ki ba."

"Na zo in gaya maka ba wanda ya kwashe su ya kawo mini. Ni na bi su gida-gida. In laifi ne, nawa ne. Kuskuren bugawa kuma namu ne, ba nasu ba."

"Ke ba ma'aikaciyata ba ce, ba zan iya korarki ba." Ya jingina. "Ki ji, ni ba azzalumi ba ne. Sha tara ba zan iya taɓa su yanzu ba ko na san su, idon duniya yana kaina. Amma ba zan zauna da wanda ya buɗe mini ƙofa ta baya ba. Mutum ɗaya ne a nan yake da gwaggo nas. Ki ce mini ba ya ciki, ko da baki ne, a nan, ni da ke. Na yarda da bakinki."

Ta dubi tagar. Can a bakin ƙofa Mai Sikeli yana ɗora wani buhu a kan ma'auni, bai ɗago ba. Ta san wannan "yanzu" ɗin ba ya daɗewa. Idon duniya yakan gaji ya koma wani wuri, shi kuwa Oga ba ya mantuwa. In ta amsa masa a kan mutum ɗaya, gobe zai kira wani suna, shirunta ya zama amsa.

"Ba zan ce yana ciki ba, ba zan ce ba ya ciki ba. Haka zan ce a kan kowa, har kai."

"To kin zaɓa."

"Na zaɓa tun kafin in san kai zan zo faɗa wa."

Ranar Asabar aka sallami Mai Sikeli, wai ma'auni ya yi ta ba da giɓi a hannunsa. Shi kaɗai. Sauran ashirin da ɗaya suka koma aiki ranar Litinin. Dakta ya cika fom ɗin gyara, ya kuma yi ta buga waya yana nema wa Mai Sikeli wani wurin aiki, ana ce masa a dakata a gani. Masu duba lafiyar ma'aikata suka zo kamfanin da jaridar a hannu, abin da shekara da shekaru ba su yi ba, suka ba Oga wata biyu ya sa bututun janye hayaƙi. Anti Nas ta ji labarin ta rasa inda za ta ajiye shi a zuciyarta. 'Yan layukan nan da suka jawo hukuma su ne suka ci aikin ɗan yayanta, ta juya abin ta kowane gefe ba ta ga yadda za ta raba su ba.

Kwana tara ba ta ga Mai Sikeli ba. A na goma, da la'asar, ta tafi gidansa. Matarsa ta tarbe ta da ladabi, irin ladabin nan mai sanyi da ya fi faɗa nauyi, ta kawo ruwa ta koma ɗaki. Shi yana zaune a kan benci a inuwar katanga, ya kwance wata tsohuwar fanka yana goge ta. Ya gaishe ta bai tashi ba. Ta tsaya, don ba wurin zama sai bencin, shi kuma ya baza ƙarafa a kai.

"Sha tara sun san ba na cikinsu," ya ce, idonsa a kan fankar. "Ko ɗaya bai buɗe baki ba."

"Wanda ya ce ya san ba ka zo ba, ya faɗa cewa shi ya zo."

"Na gane wannan. Na kwana ina gane shi." Ya hura ƙura daga wani ƙarfe. "Kin san abin da ya fi ci mini rai? Ko da kin ba ni takardar, ban tabbata zan iya hawa matakalar nan in miƙa ta suna kallona ba. Wataƙila da na yaga ta a hanya. Amma da kin bar ni na zaɓa da kaina."

"Ba abina ba ne balle in ba ka ka zaɓa, Babana. Da nawa ne, da tun kafin ka tsuguna na miƙa maka."

"Ba ki zo ba da haƙuri ba ke nan."

"Na zo in ce na cuce ka, kuma na san na cuce ka. Ban zo in ce da an sake zan yi dabam ba."

Ya ajiye ƙarfen. Yara suna wasa a bayan katanga, wani yana kuka wani yana lallashi. Ita kuwa tana nan tsaye, gwiwarta ta fara zafi.

"Tsohon nan da ke bakin tukunya," ya ce can, "wanda ya koya mini aiki. Kwanan nan cokali ma faɗuwa yake daga hannunsa. Nasa ya yi muni, ko?"

"Ban ce ya zo ba."

"Gwaggo, an riga an kore ni. Wa zan gaya wa?"

"Ban ce ya zo ba, ban ce bai zo ba."

Ya kalle ta sosai, karo na farko tun da ta shigo. Sai ya girgiza kai, wata dariya marar daɗi ta kuɓuce masa.

"Ke dai, Allah ya yi ki." Ya tattara ƙarafan gefe guda da bayan hannu. "Zauna mana, kin tsaya mini a ka kamar Oga."

Ta zauna. Ya miƙa mata wata 'yar kusa ya ce ta riƙe masa kada ta ɓace, ya ci gaba da gyaran fankarsa.